Maganin Auta

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce "ke", in tana maganata da wani sai ta ce "waccan". Ba ta yabona gaban mutane, ba ta kallon fuskata in na miƙa mata abu. An ce kunyar ɗan fari ce, kuma tun ina yarinya manyan mata ke rarrashina da cewa son yana nan a ciki, nunawa ce ba a yi. To, na ji. Amma ni dai ban taɓa ƙoshi da son da ke ciki ba, tunda ina da ƙane, autanmu, wanda nasa son a tsakar gida yake kwana, kowa na gani.

Auta mushe ne, wato malami, yana koyarwa a wata lakol, makarantar boko, can wajen Gangara, cikin ƙasar Gazawa. Mu kuwa muna ƙauyenmu kusa da Cadakori, inda aka haife mu, inda ni ma na yi aure, gidana da na Inna ana jiyo dakan juna. Sai lokacin hutun lakol yake zuwa. Ni na goya shi, ni na koya masa tafiya, kuma ba ƙinsa nake yi ba, yaro ne mai ladabi har yau da furfura ta fara fito masa a gemu. Kishinsa nake yi, wannan kam ba zan ɓoye ba. Tun yana cikin zanen goyo nake yi, kuma ban ga ranar dainawa ba.

Babanmu a bakin rumbu ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, ya daɗe a kwance, ni da Inna muke juya shi muna wanke shi har Allah ya karɓi abinsa. A jinyarsa muka fara jin kalmar tansiyo, wato hawan jini. Saboda haka da Inna ta fara kukan ciwon ƙeya da jiri bayan ta fita takaba, ban tsaya jiran kowa ba. Na sa aka ɗaura wa jaki amalanke, na shimfiɗa mata tabarma a kai, muka tafi likita, wato asibiti. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ɗaura mata abin awo a damtse, ya matsa, ya duba, ya sake matsawa. Ya ce ciwon mijinta ne take ɗauke da shi. Ƙwaya ɗaya kowace safiya har ƙarshen rai, ko tana jin ciwo ko ba ta ji. A rage gishiri da kanwa da magi. Ya ce in ta yi wasa, inda mijin ya kwanta za ta kwanta.

Tun daga ranar aikin ya dawo kaina. Ina soya ƙuli-ƙuli ina tatsar man gujiya, ranar kasuwa in na sayar sai in biya farmasi in sayo falle guda na ƙwayoyin, wanda zai kai mu wata kasuwar. A ɗakina nake ajiyewa. Kowace safiya in na dama koko sai in ɗauki kwano a hannu ɗaya, ƙwaya a ɗayan, in shiga wurinta, in tsaya a kanta sai ta haɗiye. Inna ba ta son magani. Ta taɓa ɓoye ƙwayar ƙarƙashin harshe ta tofar bayan randa, kaza ta tsince. Daga nan na koma cewa ta buɗe baki in gani. Ta raɗa mini suna jandarma, wato ɗan sanda, tana gaya wa ƙawayenta cewa waccan ba ta barinta ta sha miya mai ɗanɗano. Shekaru muka yi a haka, damina da rani, ranar da nake da lafiya da ranar da zazzaɓi ke kaɗa ni. Ban taɓa jin sannu daga bakinta ba, kuma na saba.

Sai wani hutu Auta ya zo da labarin mitiyel. Ya zaunar da mu ya yi bayani irin na malaman lakol, a hankali, yana maimaitawa: ƙungiya ce ta taimakon lafiya, ana biyan kuɗin shekara, a ba mutum kati mai hotonsa, in ya je likita ko farmasi da katin sai a sauƙaƙe masa. Ya ɗauki Inna a bayan babur ɗinsa, ta yi kwalliya kamar mai zuwa biki, aka ɗauke ta hoto, ya biya mata na shekara. Suka dawo da kati da kwalaye na magani, na wata da watanni, maimakon falle gudan da nake lallaɓowa da shi.

Gaskiya abu ne mai kyau. Allah shaida na yi murna, na ce yanzu ko gujiya ta yi tsada Inna ba za ta rasa magani ba. Murnar ta kai ni har la'asar.

Da la'asar mata suka fara shigowa yi wa Auta barka da zuwa, Inna ta fito da katin. Ta riga ta naɗe shi cikin sabon ƙyalle. Duk wadda ta shigo sai an warware mata, ta ga hoton, ta juya bayansa, ta ce kai, wannan yaro. Inna na zaune tana washe baki tana cewa Auta ya shigar da ita inda ake shigar da manya, yanzu in ta je likita ba a tambayarta komai, kati kawai take miƙawa. Ta ce maganinsa ma daban ne, ba ya ɗaci, ba ya sa ta yawan fita fitsari. Na ɗauki kwalin na duba, na ɗauko ragowar fallena na haɗa. Iri ɗaya ne, fari, ɗan ƙarami, da tsaga a tsakiya. Na faɗa a gaban kowa. Inna ta ce wa matar da ke kusa da ita, "Waccan ai ba ta ganin abin kirki ta yi shiru." Aka yi dariya, har da Auta.

Da na tashi tafiya na tattara kwalayen zan kai ɗakina kamar yadda aka saba. Inna ta ɗora hannu a kai.

"Abin ɗana a ɗakina zai kwana."

Na kalli Auta. Ya ce, "Yaya, bar mata mana. Ai ta san yadda ake sha, ba yarinya ba ce."

Shi da yake zuwa sau biyu a shekara, shi ne ya san ta san yadda ake sha. Na saki kwalayen. Ta buɗe babbar kwallarta ta jere, ta sa su ciki tare da katin, ta rufe. Bayan ya koma, kullum in na kai koko na tambaya sai ta ce ta riga ta sha tun da asuba.

A garinmu, abin da ɗa ya kawo wa uwarsa ba nata ba ne ita kaɗai. Sukari ne, sabulu ne, dabino ko goro, sai ta kasa shi, ta aika wa tsofaffin unguwa, kowa ɗan kaɗan. Wadda ta karɓa sai ta ce Allah ya yi masa albarka, Allah ya ƙara buɗi, kuma wannan addu'ar ita ce ribar uwa. Uwar da ta rufe ɗaki ta cinye tsarabar ɗanta, ana cewa ta tauye shi. Inna kuwa ba a fi ta iya rabo ba, sandar sabulu guda takan yanka ta ta kai gida shida. Ni kaina na sha kai wannan aiken tun ina ƙarama. Amma ko a mafarki ban kawo cewa magani zai shiga layin sabulu ba.

A bakin rijiya na ji. Wata tsohuwa mai ɗingishi ta tare ni, ta ce in gaishe da Inna, in ce mata maganin Auta ya yi aiki, gwiwarta ta saki. Na ce wane magani? Ta ce fararen nan ƙanana. Na bar tuluna a wurin na nufi gida.

Na tarar da Inna a inuwar ɗaki, kwalla a buɗe, reza a hannunta, tana yanka falle biyu-biyu kamar mai tsaga goro. Mata uku na zaune. Ɗaya ciwon kai ya kawo ta, ɗaya mijinta ne ba ya samun barci. Ta ukun ita ce aminiyar Inna tun suna 'yan mata, wadda muke ce wa Gwaggo. Ita ta yi wa Inna zaman jego da aka haife ni, kuma a duk tsofaffin garin ita kaɗai ce ke kiran sunana da ƙarfi, ta ce in zo in ci tuwo, ta ce ba a yi ɗiya kamata ba. Abin da ban samu a ɗakinmu ba, a ɗakinta nake samu. Ta ga fuskata ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, Gwaggo. Na zauna na haɗiye maganata har suka gama shi wa Auta albarka suka tafi.

"Inna, me kike yi haka?"

"Abin da kika gani."

"Wannan ba sukari ba ne. Naki ne, an ƙirga miki shi. In kika rabar me za ki sha?"

"Ina sha ranar da kaina ke ciwo. Ranar da ba ya ciwo me zan sha wa?" Ta rufe kwallar. "Ɗana ya kawo abu, in zauna in cinye ni kaɗai? Wa zai sa masa albarka?"

Na tuna mata Baba. Na tuna mata yadda muke ɗaga shi mu biyu, yadda bayanta ya riƙa ciwo. Ta ce kwanan Baba ne ya ƙare. Na ce shekara nawa ina sayo miki, ba ki taɓa ba kowa ba. Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Naki ai ƙirgagge ne. Ɗaya-ɗaya kike fito da shi kamar mai ba kaza tsaba. Me za a raba a ciki?"

Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji kwana da kwanaki. Ina tuya ina jin ta, ina daka ina jin ta.

Kwalayen da aka ce za su yi watanni, tun kafin gero ya fitar da kai suka ƙare. Na ɗauki katin na je farmasi, mai farmasin ya duba ya ce lokacin karɓar wani bai yi ba, kuma gaskiyarsa. Na koma sayen falle da kuɗin ƙuli-ƙuli. Na kawo, Inna ta miƙo hannu ta ce in ba ta duka, ba ta son a riƙa tsayawa a kanta kamar mai laifi, yanzu ita mai kati ce. Na yi gardama, ta juya baya ta ce to ba ta sha. Na ba ta. Bayan kwana biyu na ji wata maƙwabciya tana cewa Allah ya yi wa Auta albarka, maganinsa ba ya ƙarewa. Nawa ne. Na hannuna ne da mai zafi ya ƙona, shi ake yankawa da reza, albarka kuma tana tafiya Gangara wurin mutumin da bai ma san ana yi ba. A ranar na zauna bayan ɗaki na yi kuka na takaici, mijina ya leƙo ya ga yanayina ya koma da baya.

Da kaka ta yi, muna sussukar wake a tsakar gidanta, sai na ga Inna ta dafa turmi. Jini ya fara ɗiga daga hancinta. Na yi mata magana, ta amsa, amma harshenta ya yi nauyi, kalmomin suna fitowa a cakuɗe. Na yar da aikin na tallafe ta. Ba mu jira amalanke ba, ɗan kabu-kabu ya ɗauke mu, ina riƙe da ita ta baya. Kafin mu isa harshen ya saki, har tana yi mini faɗan na fito da ita da zanen aiki.

Majo ya auna ta ya ajiye abin awon, ya juyo kaina.

"Ke ce mai kula da ita?"

Na ce ni ce.

"To me kike yi? An yi mata kati, magani na samuwa, kuma ki kawo mini ita haka? Wannan gargaɗi ne Allah ya yi muku. Na gaba ba zai saki ba."

Inna na zaune tana kallon bango. Na jira ta ce wani abu, ko da kalma ɗaya, cewa waccan tana iyakar ƙoƙarinta. Ba ta ce ba. Ni na gaya masa abin da ake yi da maganin. Ya riƙe kai. Ya yi mata bayani da kyau, ya ce ita rashin sha zai kayar da ita, su kuma waɗanda ba a auna ba shan zai iya kayar da su, kowa da nasa awon da nasa maganin. Ta ce to, ta ji, Allah ya saka. Muna fita ƙofa ta ce yaron nan da surutu yake, sa'an Auta ne ma ko bai kai ba.

Na san abin da ya rage, kuma na daɗe ina kauce masa. Kiran Auta. Ba don ba zai saurare ni ba, zai saurara. Abin da nake gudu shi ne in ga da idona yadda abin zai zo da sauƙi. A gidan Inna waya ba ta kamawa sai an hau tudun da ke bayan gari, don haka da yamma na kama hannunta muka hau, tana ƙorafi. Na kira shi na gaya masa komai. Ya yi salati, ya ce me ya sa ban faɗa masa tun da wuri ba, ya ce in ba ta. Na kara mata salular a kunne ina riƙe da ita, ina jin muryarsa tana fitowa.

Abin da na yi wata da watanni ina faɗa, shi ya faɗa. Bai ƙara ko kalma ba. Maganin nata ne ita kaɗai, kullum za ta sha, ta tuna Baba. Inna ta sunkuyar da kai kamar yana gabanta.

"To, Auta. In ka ce haka, shi ke nan. Na bari. Allah ya yi maka albarka, kai kaɗai ke tunanin lafiyata."

Hannuna ne ke riƙe da wayar a kunnenta lokacin da ta faɗi haka. Na ji kamar in wurgar da wayar cikin gonar wake. Duka maganar ba ta kai tsawon shan fura ba.

Sai ta ce akwai abu ɗaya. Ita ba za ta iya kallon idon ƙawayenta ta ce babu ba, alhali sun san akwai. A riƙa ajiye maganin a ɗakin waccan. Kuma kada kowa ya ji cewa Auta ne ya hana, kada a ɓata masa suna a gari bayan duk albarkar da ya tara. Auta ya ce in karɓi wayar. Ya ce, "Yaya, ki riƙe a wurinki don Allah. Ko ƙwaya ɗaya kar ki ba kowa, ko wane ne." Na ce to. Na gane abin da ake ɗora mini, ba wai ban gane ba. Amma na ga jinin da ya bushe a bakin mayafinta, kuma ba ni da wata dabarar.

Da lokacin karɓa ya yi na je da katin na karɓo kwalayen, na sa su cikin akwatina. Muka koma yadda muke da, koko da ƙwaya kowace safiya, sai dai yanzu ba ta gardama, tana cewa bari ta sha kada ran Auta ya ɓaci. Mata suka ci gaba da zuwa wurinta, ita kuma tana buɗe musu kwalla su ga wayam. "Waccan ta ƙwace," take cewa, tana tafa hannu. "Kun san halinta."

Sai suka juyo ƙofata. Na yi ta bayani har bakina ya gaji: ku je likita a auna ku, ku sa 'ya'yanku su shigar da ku mitiyel, wannan ba na gwiwa ba ne, ba na barci ba ne. Suna saurare, su tashi su kakkaɓe zane. Kafin wata ya ƙare na zama marowaciyar gari, wadda ƙanenta ya kawo alheri ta zauna a kai. Wasu suka daina sayen ƙuli-ƙulina. A gidan suna in na zauna sai hira ta canza. Jinin Inna kuwa ya sauka. Da muka koma awo majo ya yi murmushi, ya ce mata, "Kin gani, Inna? Ɗanki ya kyauta da ya yi miki katin nan." Ta ce ai shi kam ba a magana.

Gwaggo ba ta zo da wuri ba. Sai da sauran suka gaji sannan wata hantsi ta yi sallama, ta zauna a bakin ƙofar ɗakina, ta kira sunana kamar kullum. Na kawo mata ruwa. Ta ce ƙeyarta ke sara tun shekaranjiya, idonta na ganin duhu-duhu in ta miƙe. Ta ce an taɓa auna ta da daɗewa, an ce ita ma tana da tansiyon. Ta ce biyu kawai take so, ba za ta gaya wa kowa ba.

Akwatin yana bayana, ko taku uku babu. Na san in na ba ta, kafin azahar Inna ta ji, domin su biyun ba sa ɓoye wa juna komai, kuma in Inna ta ji an ba mutum ɗaya, ƙofa ta buɗe ke nan. Na ce, "Gwaggo, biyu ba za su yi miki komai ba. Ki shirya gobe in kai ki likita, a auna ki, a rubuta miki naki. Ni zan biya."

Fuskarta ta canza. Ta ce 'ya'yanta maza sun ce in an sayar da wake za su kai ta. In ta bi ni na biya mata, me za a ce da su a gari? Tsarabar ɗan aminiyarta daban, wannan kowa na karɓa, ba abin kunya ba ne. "Amma ban zo bara ba, ɗiyata." Ta miƙe a hankali tana dafa bango. Na bi ta har ƙofar gida ina roƙonta, ta ce in koma, mai na kan wuta. Na je wurin babban ɗanta da kaina a ranar, ya ce ya ji, in an sayar da wake.

Ba a kai ga sayar da waken ba. Wata safiya tana alwala ta faɗi, ɓarin damanta ya tafi, magana ta tafi. Aka kai ta Maradi aka dawo da ita a kwance. Na tambayi majo daga baya ko ƙwaya biyun nan da sun tare abin, ya ce a'a, ciwon da ya yi shekaru yana ginuwa biyu ba sa tare shi. Na yarda da shi. Amma majo ba a garinmu yake kwana ba.

Ni da Inna muka je dubiya tare. Ɗakin cike yake da mata, ana ta magana ƙasa-ƙasa, ina sa ƙafa aka yi tsit. Gwaggo na kwance kan katifa, bakinta ya ja gefe, yawu na bin haɓarta. Na durƙusa na gaishe ta. Idonta ya tsaya a kaina, ban san ko ta gane ni ba, ban san kuma wanne na fi so ba. Daga bayana wata ta ce, ba da ƙarfi ba amma don a ji, "Biyu kawai fa ta roƙa."

Inna ta zauna a wajen kanta, ta sa bakin mayafi ta goge mata haɓa, hawaye na zubo mata. Kukan gaskiya take yi, aminiyarta ce ta tun ƙuruciya. Ta girgiza kai ta ce, "Da Auta na gari, da ba a hana ta ba."

Mata suka ce wallahi kuwa, yaron nan hannunsa a buɗe yake.

Na ɗago na kalle ta. Ta san wanda ya hana, tana tsaye a kan tudun lokacin da ya faɗa. Maganar tana bakina, gajeriya ce, da na faɗe ta da na fita ɗakin nan da fuskata a wanke. Amma in na faɗa, Inna ba za ta bar sunansa ya ɓaci ba, a ranar za ta karɓe kwalayen ta raba su gida-gida don ta gyara. Na sake kallon bakin Gwaggo. Na ce Allah ya ba ta lafiya, na ja gefe na zauna kusa da ƙofa, inda ba wadda ta matsa mini.

Da muka fito rana ta yi sanyi. Inna ta shiga gaba, ni ina baya, kamar yadda muke tafiya tun ina yarinya. Hanyar yashi ce mai cin ƙafa, amma ba ta dafa komai ba, ba ta tsaya hutawa ba, sai da na ƙara sauri kafin in cim mata. Ina kallon bayanta, raina na tafasa, kuma ina godiya ga Allah da ƙafafun nan biyu suke ɗauke da ita. Muka iso gida. A daidai ƙofarta ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ke. Gobe ki kawo mini da wuri. Wurin Gwaggonki zan yini, kar in fita ban sha ba."

Na ce mata to.